Mita Tara Daga Bakin Titi

Ranar Talata, saura kwana uku dangin Mu'ayyad su zo neman aurena, layinmu na Ajlun ya mutu.

Ina ofishinmu na Irbid, ko shayin safe ban kurɓa ba, sai allon bango ya koma ja. Ƙauyuka bakwai a lokaci ɗaya, ba waya, ba intanet, har ƙaramin asibitin yankin ya kasa tura hotunan majinyata birni. Shekara biyar ke nan ni ke riƙe da taswirar duk zaren gilashin da kamfaninmu ya binne a arewa, ni ce kuma mai cewa ga inda ya tsinke. Na jona na'urar awo, ta harba haske cikin zaren, hasken ya je ya ci karo da inda ya katse ya dawo mini da lamba. Na duba lambar, na duba taswira.

Daidai gonar mahaifina ne.

Na kuma san wanda ke haƙa a gonar. Mamduh ne, ɗan baffana, mai motocin haƙa uku da bakin mutum goma. Tun ina firamare baffa ke ce mini "matar Mamduh", kowa ya yi dariya, har dariyar ta tsufa ta zama kamar alkawari. Ni dai ban taɓa cewa to ba. Yaba, mahaifina, bai taɓa tilasta mini ba, amma bai taɓa ɓoye abin da yake so ba. Shekara guda cur ya ƙi ko jin sunan Mu'ayyad. Wai ɗan birnin Zarƙa ne, ba su da ko taƙi ɗaya na ƙasa, kuma mutum ne mai wuni a rami. Sai da Gwaggo Fidda, yayarsa, ta yi ta bugun ruwan cikinsa wata da watanni kafin ya ce, "Su zo. Ban ce na bayar ba, na ce su zo."

Mamduh da ya ji an sa rana, sai ya ɗau sabon salo. Makon da ya wuce ya shigo ofishinmu yana kaɗa makullin mota, wai zai haƙa wa baffansa rijiyar tara ruwan sama a gona, kyauta, kafin Yaba ya dawo daga Amman inda aka cire masa yanar ido.

"'Yar baffa, sa mini hannu," in ji shi. "An ce sai kin ce babu wayarku a ƙasa kafin in haƙa. Kin ga tun yanzu ina neman izininki, me kike so kuma a wajen miji?"

Na duba taswira. Layinmu na bin gefen titi a miƙe kamar an ja da zare. Na rubuta masa cewa babu komai namu a cikin gonar, ya dai bar mita goma tsakaninsa da titi don kariya. Na sa hannu, na ce ya gaida gida.

To ga shi yanzu haƙorin motarsa ya fizgo bututunmu a tsakiyar gona, inda taswira ta rantse babu komai. Na gangara ƙasan takardar don in ga wanda ya jagoranci binne wannan layin shekara biyu da suka wuce. Tun kafin idona ya kai, zuciyata ta riga ta karanta. Mu'ayyad ne.

* * *

Na isa gonar bayan azahar. An kafa ƙaramin tanti a bakin ramin saboda ƙura, an ɗage labulensa, abokan aikin Mu'ayyad na can gefe suna jan sabon kebul. Shi kuma yana zaune a kan akwati, injin haɗi a gabansa. Zare arba'in da takwas ne a cikin kebul ɗin, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba, kuma kowanne sai an fere shi, an goge, an datse bakinsa daidai, sannan injin ya narka shi da ɗan'uwansa. Hannun nan nasa ne ya fara tafiya da ni tun farko, hannun da ba ya rawa ko ana ihu a kansa.

Na tsaya a kansa.

"Sannu da aiki, Injiniya," na ce.

"Kin gani ke nan," ya ce, bai ɗago ba.

"Na gani. Abin da ban gani ba shi ne dalili. Me ya kai layinka mita tara cikin gonar ubana?"

Ya rufe murfin injin, ya jira ya yi ƙara, sannan ya nuna mini bakin titi da haɓarsa. Itacen zaitun ne a can, wanda mahaifiyata ta dasa shekarar da aka haife ni. Shekara shida ke nan da rasuwarta.

"Taswira ta ce mu wuce kamu ɗaya daga gindinsa," ya ce. "Da mun bi ta, da mun datse saiwarsa rabi. Ta gefen titi kuma ga bututun ruwan gari, ba hanya."

"Itace nawa kuka datse daga nan zuwa Jarash? Yaushe ka zama mai tausayin itace?"

"Wijdan, lokacin ban san ki ba. Ban san gonar wa ce ba." Ya ja numfashi. "Kwana uku muna aiki a wannan kwanar. Kullum da la'asar wani dattijo zai zo da gorar ruwan shansa, ya duba hagu da dama, ya zauna. Ya sha rabi, ya zuba wa itacen rabi. Sai ya fara hira."

"Hira da wa?"

"Yana cewa, 'Tamam, yau ɗanki Nayif ya bugo waya. Tamam, yarinyar nan taki ta ƙi cin abinci, aiki ya yi mata yawa.' Ina cikin rami bai gan ni ba. Rana ta uku na ji yana kuka."

Tamam sunan mahaifiyata ne. Yaba kuwa, mutumin da ko a ranar jana'izarta ba wanda ya ga hawayensa, wanda in aka ambace ta a gida sai ya tashi ya fita. Shekara shida ina jin haushinsa a raina, ina cewa ya manta da ita. Ban san lokacin da na zauna a kan ƙasa ba.

"Na sallami motar haƙa," in ji Mu'ayyad. "Muka haƙa da hannu, muka zagaya ta baya."

"To don me ba ka sa a taswira ba? Layi ɗaya ne fa! Layi ɗaya da zan ja da hannuna!"

"In na sa, sai an nemi takardar yardar mai gona. In na je wajensa sai ya ce don me. Me zan ce masa? Na ji ka kana kuka?" Ya girgiza kai. "Na ce gobe zan san dabara. Gobe ta zama wata. Da na gano ke 'yarsa ce kuma, sai tsoro ya shigo. Ba ni da wani uzuri, ragwanta ce."

Hawaye suka ɓalle mini. Na share, suka sake zuwa. Kuma a daidai lokacin nan, Allah Ya yafe mini, wata dabara ta faɗo mini fes.

"Ji nan," na ce, na rage murya. "Na rubuta wa Mamduh ya bar mita goma. A mita tara ya haƙa, na auna da kaina. Ya saɓa takarda. In na rubuta haka a rahoto, ban yi ƙarya ba."

"Sai kuma a ƙwace masa lasisi."

"Shi ya jawo wa kansa! Wa ya aike shi? Kai kuma ogana ya ce sai Alhamis zan miƙa rahoto. In na ce ba a gama binciken wanda ya karkata layin ba, za a jira har mako mai zuwa. Juma'a kawai nake so ta wuce, Mu'ayyad. Juma'a kawai. In Yaba ya ce kawunka ya sha gahawarsa a gaban mutane, ya bayar da ni ke nan, ba ya janyewa ko sama za ta faɗo."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

"Wato mu sha gahawarsa, bututuna na kwance a ƙasarsa bai sani ba."

"Shekara guda na yi ina jira! Ka san me na sha a gidan nan? Matar baffa ta daina amsa gaisuwata. Duk bikin da na je sai an nuna ni da baki. Yanzu da ya rage kwana uku za ka ce mini gaskiya ta motsa maka? Ina gaskiyar take shekara biyu?"

"Kin fi ni gaskiya a nan," ya ce a hankali. "Amma ki duba." Ya ɗago zare ɗaya a kan yatsarsa, da ƙyar ake ganinsa. "In ƙura ɗaya ta shiga haɗin nan, yau zai yi aiki, gobe ma zai yi. Wata shida sai haske ya fara raguwa, a zo ana neman inda ciwon yake. Na sha tono irinsa, Wijdan. Ba na so a tono namu."

"Ni ba zare ba ce, kar ka yi mini karatu."

"Ki rubuta abin da ya faru. Da sunana. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ki bar maganar itacen. Ba a rahoto ba, ba a gida ba. Sirrinsa ne, ba namu ba."

"Shi ne kaɗai abin da zai cece ka a wajensa!"

"Na sani."

Na tashi na kakkaɓe rigata, ban yi masa sallama ba. Har na kai mota ina jin ƙarar injin yana narka zare na gaba.

* * *

Laraba da yamma na tarar da Mamduh a tsakar gidanmu, Gwaggo Fidda na soya gahawar Juma'a a kasko. Ba makullin mota a hannunsa yau. An kira shi ofishin gunduma da safe, an ce ya tsayar da duk motocinsa sai an ga rahoto.

"'Yar baffa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa har na kusa rashin gane ta, "mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashin motocin nan. Dutse na tarar a inda kika ce, shi ne na matsa taku ɗaya. Taku ɗaya, wallahi. Na san ba kya ƙaunata, amma ke kika ce babu komai a gonar."

"Ni na ce," na amsa.

"To wane ɗan iska ne ya shiga gonar baffa ya binne abu ba sallama?"

Na ce ana bincike. Da ya fita, Gwaggo ta ci gaba da juya kaskonta, ba ta dube ni ba.

"Ke, yarinya," ta ce, "ni na yi miki wankan farko a duniya. Idonki ya kumbura kamar na wadda ta yanka buhun albasa. Ɗan Zarƙan ne, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Uhm. Na shiga uku ni Fidda. Wata shida ina lallaɓa ubanki kamar mai ɗauke da ƙwai, ashe angon na can ya haƙa mana rami tun bara waccan." Ta sauke kaskon. "Kin san ubanki da ƙasa. Shekara ashirin bai yi magana da maƙwabcinsa Abu Sakhar ba a kan dutsen iyaka da aka matsar da kamu biyu. In za ki iya rufe bakinki zuwa Asabar, ki rufe. Ni tsohuwa ce, ban ji komai ba."

Wato har Gwaggo ta ba ni hanya. Na so in bi, ba zan ɓoye ba. Mamduh ya dame ni shekara da shekaru, ga shi yau ya faɗo hannuna, kuma da gaskiya rabi zan kayar da shi. Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sa hannuna. Duk mai haƙa a arewa, in ya ga sunana a takarda, yana sa haƙorin motarsa a ƙasa da kwanciyar hankali. Ban da wannan ba ni da komai a aikin nan.

Alhamis da safe na rubuta rahoton. Na ce mai haƙa ya matsa mita ɗaya, amma ba shi ne sanadi ba, domin layin ba ya inda taswira ta ce. Na rubuta sunan wanda ya jagoranci aikin. Wajen da aka ce dalili, na rubuta: ba a bayyana ba. Kafin azahar aka dakatar da Mu'ayyad. Aka kuma ba da umarni ranar Lahadi a tono layin a mayar da shi inda taswira ta ce, kamu ɗaya daga gindin itacen, tun da babu takardar mai gona.

Wannan na ƙarshen ban hango shi ba. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka mai isata.

* * *

Yaba ya dawo daga Amman da yammacin Alhamis tare da yayana Nayif, ido ɗaya a rufe da auduga. An gaya masa kamfani ya binne abu a gonarsa, ya yi faɗa har ya gaji, ya ce bayan baƙi sun tafi zai san abin yi. Mamduh bai riga ya ji sunan wanda ya binne layin ba. Ni kuma na kasa buɗe baki.

Juma'a bayan sallah motoci goma sha biyu suka tsaya a ƙofar gida. Mu mata muna ɗakin ciki, Gwaggo ta mallake ramin makulli, ni ina bayan labulen taga. Dattawanmu a jere ta dama, nasu ta hagu. Mu'ayyad na can ƙarshen layi cikin baƙar kwat, inda ango ke zama ya yi shiru kamar ba don shi aka taru ba.

Nayif ya zuba gahawa a finjalin farko ya miƙa wa kawun Mu'ayyad, Abu Ziyad. Dattijon ya karɓa, ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba.

"Abu Nayif," ya ce wa Yaba, "gahawarka abar sha ce, amma ba za mu sha ba sai ka biya mana bukatar da ta kawo mu."

Ya yi salati, ya yabi gidanmu, ya yabi ɗansu, ya ambaci sunana. Na ga Yaba ya gyara zama, ya taɓa gemunsa. Na san wannan taɓa gemun. Kalma biyu suka rage, ya ce sha gahawarka.

Sai Mu'ayyad ya miƙe tsaye.

"Zauna!" in ji kawunsa ƙasa-ƙasa. "Ka haukace?"

"Ku gafarce ni, iyayena. Na san ba hurumina ba ne in yi magana." Ya juya wajen Yaba. "Baffa Abu Nayif, kafin ka ce komai. Bututun da aka samu a gonarka, ni na binne shi. Shekara biyu ke nan. Ban nemi izininka ba, ban kuma sa a takarda ba. Mamduh ba shi da laifi."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta zame daga ƙofar. A falo hayaniya ta tashi, baffa ya miƙe yana nuna Mu'ayyad da sanda, Mamduh ya buɗe baki ya kasa rufewa. Yaba ya ɗaga hannu ɗaya, kowa ya yi shiru.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Gonata ba ta da ƙofa ne? Ko mai ita ya mutu?"

"Tana da ƙofa, Baffa. Allah Ya ƙara maka tsawon rai."

"To don me?"

Na damƙe labulen. A raina ina ihu, faɗa masa, faɗa masa mana! Ga dattawa arba'in, ga baffa, ga Abu Sakhar ma da aka gayyato don a nuna an shirya. Mu'ayyad ya dubi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ba ni da abin faɗa."

"Ina tambayarka a gaban mutane. Mutum ba ya shiga ƙasar wani haka kawai. Wani ya ba ka wani abu? Ko raini ne?"

"Ba ko ɗaya. Laifina ne, shi ke nan."

Yaba ya daɗe yana kallonsa da idonsa ɗaya. Sannan ya juya ga Abu Ziyad.

"Kun zo gidan mutunci, za ku koma da mutuncinku. Amma yau ba ni da amsa."

Haka suka tashi, finjali cike a kan tebur. Tun da nake ban taɓa ganin an fita daga gidanmu an bar gahawa ba. Mansaf ɗin da aka dafa, shinkafa da naman rago na mutum sittin, maƙwabta aka rarraba wa. Da Gwaggo ta shiga kwashe kwanuka ta kai hannu kan finjalin, Yaba ya daka mata tsawar da ban taɓa jin ya yi wa yayarsa ba.

"Bar shi nan!"

Na ɗauka so yake ya riƙa ganin abin kunyar da na jawo masa. Na shige ɗaki na ja ƙofa.

* * *

Asabar da la'asar Nayif ya ƙwanƙwasa, ya ce Yaba na kirana a gona.

Na tafi. Ma'aikatanmu sun riga sun buɗe ƙasa tun daga titi don aikin gobe, bututun na kwance a fili, mai launin ruwan lemo, ya baro titi ya yi baka ya zagaye itacen ta baya ya koma. Yaba na tsugune a bakin ramin, ya cire audugar idonsa, gorar ruwansa a gefe.

"Zo nan, Yaba," ya ce. Haka yake kirana da sunan da nake kiransa in ransa ya yi sanyi. "Ke ce mai karatu. Mota ce ta haƙa wannan?"

Na leƙa. "Ban sani ba."

"Ni na sani. Mota ba ta yin kwana haka. Dubi bangon, sawun diga ne." Ya sa sandarsa cikin ramin ya nuna wata saiwa mai kaurin hannu. Bututun ya nutse ya bi ta ƙarƙashinta, ko ƙwarzane babu a jikinta. "Nan ma. Da can. Saiwa bakwai na ƙirga, bai datse ko ɗaya ba. Wannan ƙasar dutse ce, na san ta. Aikin kwana nawa ne da hannu?"

"Biyu, ko uku."

"A kan itacen da ba nasa ba."

Mu'ayyad ya roƙe ni kar in faɗa, amma bakina na ƙaiƙayi kamar zai tsage.

"Akwai wata shekara," in ji Yaba, yana kallon ramin ba ni ba, "da masu rigar ruwan ɗorawa suka yi aiki a nan. Kullum na zo da la'asar sai in ji injinsu ya mutu. In ga wani dogo ya kwashe yaransa sun koma can bayan kwana, ya ba ni baya. Na ɗauka lokacin shayinsu ne."

Hawaye suka zubo mini. Ya ɗago ya dube ni sosai.

"Kin sani."

"Ya hana ni faɗa, Yaba."

"Jiya na matse shi a gaban Abu Sakhar. Da ya buɗe baki, da yau duk ƙauyen nan na cewa Abu Nayif ya tsufa yana zance da itace." Ya goge idon da aka yi wa aiki da gefen mayafinsa, wai ruwa yake yi tun Amman. "Ya zaɓi ya rasa ki."

"Ya rasa aikinsa ma. Kuma gobe za su mayar da layin bakin titi. Ta gindinsa za su bi."

"Ta gindin wa?" Ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. "Da izinin wa?"

"Can gefen titi ne, ba sa neman izinin kowa. Nan ne suke nema. In babu takardar mai gona, dole su fitar da shi."

Ya tsaya yana huci. Ya dubi titi, ya dubi bakan bututun, ya dubi itacen.

"Takardar na wajenki?"

"Tana mota. In ɗauko?"

"A'a. Ba ke kika shiga gonata ba." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ki gaya masa ya kawo ta da hannunsa kafin masu diga su iso. Ya shigo ta ƙofa, ya yi sallama kamar ɗan mutane, ya roƙa. Laifi ya yi, kar ki ɗauka na manta."

"To, Yaba."

"Finjalin kuma yana nan inda kawunsa ya ajiye. Ban ce a zubar ba, ban ce a sha ba. Sai na ji irin sallamarsa."

Na juya zan tafi. Ban yi taku biyar ba na ji ya buɗe gorar. Na ɗauka zai jira in yi nisa, kamar yadda ya yi shekara shida. Bai jira ba. Ya sha rabi, ya zuba sauran a gindin itacen, ya dafa shi da tafin hannunsa.

"Tamam," ya ce, "ga 'yarki nan. Tsaya ki gaishe ta mana, Wijdan, ina za ki?"